Gwaggo Mai Ɗaga Waya

A takardar ɗaukarta aiki, shara da goge-goge aka rubuta. Shekara goma sha tara ke nan, kuma har yau ba wanda ya canza rubutun. Amma duk wanda ya san ɗakin taimakon gaggawa na asibitin bakin titi ya san ba tsintsiya ce ta sa aka san Gwaggo ba.

Ba gwaggon kowa ba ce a wurin. Wata ƙaramar nas ce ta fara kiranta haka, sunan ya bi ta, har likitocin da suka girme ta Gwaggo suke ce mata. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta ba sauri ba nawa, kullum da takalmin roba wanda ya fi ƙafarta girma. Muryarta kuwa ba ta hawa ba ta sauka. Ko gobara ta zo faɗa maka, sai ka ɗauka farashin sabulu take gaya maka.

Asibitin yana ƙasan wata doguwar gangara, dab da inda hanyoyi uku suka haɗu. Duk abin da titin ya tauna, nan yake tofarwa. Ana kawo mutane a bayan akori-kura, ko a kan babur an sa su a tsakiya, wani lokaci har a baro. In an shigo da mutum, sai a sa almakashi a yanke tufafinsa, abin da aka samu a aljihu a zuba a wata koriyar roba da ke ƙarƙashin tebur: makullai, agogo, katin shaida, waya.

Wayoyin su ne matsalar. Mai ita yana kwance bai san inda kansa yake ba, ko ma an riga an ja masa zane har ka, ita kuwa tana ta kuka a cikin roba. Wata rana, shekara goma sha biyu da suka wuce, aka kawo mutum bakwai lokaci guda, hannun kowa duk jini, wayoyi uku suna ruri tare. Sista Babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Don Allah wani ya ɗaga abin nan ko ya kashe shi." Gwaggo ta jingine sandar goge ƙasa, ta share hannu a zani, ta ɗaga. Muryar wani dattijo ta ce, "Kun iso?" Ta ce masa ba su iso ba, ta faɗa masa inda suke. Tun daga ranar aikin ya zama nata, ba takarda ba ƙarin matsayi.

Yau da gobe ta koya mata yadda ake yi. Ba ta faɗin mutuwa a waya, ba ta kuma yin ƙarya. Takan fara da tambayar, "Ke ce wa a wurinsa?" In ta ji yaro ne ko tsohuwa, sai ta ce a ba wani babba. Sannan ta ce mai wayar ya gamu da tsautsayi a hanya, yana asibitin bakin titi, a zo. A ƙarshe takan ƙara da, "Amma kada ku yi gudu." Wannan daga baya ta ƙara shi, bayan wani saurayi da ta kira ya taho wurin yayansa a guje, aka shigo da shi ranga-ranga aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da na yayan.

Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san siffar "Mama" da "Gida" da "Matata" in sun fito a fuskar waya. Nas-nas suna tsokanarta da ministar sadarwa. Takan ce, "Minista da bokiti, kun taɓa gani?"

Da farko takan shiga ɗakin ajiye tsintsiya ta yi kuka. Daga baya ta daina, ba don ta yi niyya ba. Kukan ne ya daina zuwa. 'Yarta Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabanta cikin 'ya'ya huɗu, ta taɓa ce mata, "Inna, ke kam ban san da me aka yi zuciyarki ba." Gwaggo ta nuna mata tafin hannunta. "Kin ga wannan kantar? Ba haihuwata aka yi da ita ba. Zuciya ma haka take yi."

Mijinta direban tirela ne, siminti yake ɗauka. Shekara talatin yana kan hanya, ko akuya bai taɓa bugewa ba. A tasha Sannu-Sannu suke kiransa, saboda in ya tashi da abokan aikinsa da safe, sai sun sauke kaya sun ci abinci sun yi barci sannan za a hango shi tafe. Ba ya jin haushi. Yakan ce shi bai ga wanda aka ba lambar yabo don ya riga kowa zuwa kabari ba. Ita a gida Malam take ce masa, in kuma tana son ta tsokane shi ta ce Direba.

Wata Talata da safe yana zaune a bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi, shayinsa na hucewa a ƙasa, ya ce, "Birkin nan tun jiya yake yi mini taurin kai. Iska ba ta cika da wuri. In na sauke lodin yau zan kai wa bakanike."

Ita kuwa tana duƙe tana neman ɗan makullin ɗakin tsintsiya da ya faɗa bayan akwati. Ta ce, "To, Allah ya tsare." Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tana goge baranda aka ji ƙarar. Doguwa ce, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, sannan wani abu ya daku, gilasan tagogi suka amsa. Ma'aikatan ɗakin ba su tambayi juna ba. Sista Babba ta ce a fito da gadajen turawa, a buɗe ƙofa duka biyu. Gwaggo ta zubar da ruwan bokiti ta taro sabo, ta jawo koriyar robar ta ajiye a kan tebur.

Babbar mota ce ta ƙwace daga saman gangara. Ta tarar da bas a tsaye a mahaɗa tana ɗaukar fasinja, ta bi ta kanta, ta haɗa da babura biyu da teburin wata mai sayar da lemo, sannan ta tsaya a jikin katanga. Kafin azahar ɗakin ya cika har ƙasa. Waya goma sha huɗu aka zuba a robar, wasu fuskarsu ta farfashe, wasu sai ta goge su da auduga kafin ta ga inda za ta danna.

Ta ɗaga ta farko, ta biyu, ta uku. Tana kan ta biyar 'yan sanda biyu suka shigo da wani mutum a tsakiyarsu, an sa masa ankwa, goshinsa na zubar da jini. Ɗayansu ya ce wa nas direban ne, da kyar suka ƙwace shi daga hannun jama'a, a ɗinke shi su tafi da shi. Bayansa ta fara gani. Rigar shuɗiya ce mai ɗinki a kafaɗar hagu. Ita ta yi ɗinkin da baƙin zare, don shuɗin ya ƙare mata.

Matar da ke kan waya tana ta cewa, "Kina jina? Kina jina?"

"Ina jinki," in ji Gwaggo. "Ku zo. Amma kada ku yi gudu."

Ta ajiye wayar a gefen waɗanda aka gama da su. Ta ɗebo ruwa a kofi ta nufi bencin da aka zaunar da shi. Ɗan sanda ya tare ta da hannu, ta ce, "Mijina ne." Ya dube ta, ya dubi bokitinta, ya janye hannun.

Malam bai iya riƙe kofin ba, ita ta kai masa baki. Ya sha kaɗan.

"Na taka," ya ce. "Na taka har ƙasa. Na yi ta hon."

"Sha ruwan."

"Nawa ne?"

"Bakwai zuwa yanzu."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa ƙarfe nawa. Daga bayanta wata wayar ta fara ruri.

Sista Babba ta ji abin da ake ciki daga bakin nas ɗin da ta ɗinke masa goshi. Ta zo ta kama Gwaggo ta gwiwar hannu ta ja ta gefe. "Gwaggo, ajiye komai ki tafi gida. Zan sa a raka ki."

"Wa zai ɗaga?"

"Za mu san yadda za mu yi."

Gwaggo ta dubi ɗakin. Ba hannu ɗaya da yake zaune. Ta ce, "In na je gida, Sista, me zan yi a can?" Ta koma bakin tebur. Lokacin da 'yan sanda suka fita da shi tana kan waya, ta bi shi da ido har ƙofa, bakinta bai daina magana ba.

Waya ta tara ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Tana ɗagawa wata mace ta ce, "Ka ce minti goma, ga mai kaya nan ya zo yana jira." Matar wani tela ce. Mijin ya hau babur ne zai sayo zare da allurar keke. Gwaggo ta san inda yake: shi ne na uku a jerin gawawwakin da aka shimfiɗa a ɗakin baya.

Matar ta iso da silifas kala biyu a ƙafa. Likita ya gaya mata a tsaye, ya wuce, don akwai masu rai da ke jiransa. Gwaggo ce ta zaunar da ita a kan benci, ta riƙe ta, sannan ta miƙa mata abin da aka samu a aljihunsa: wayar, tef ɗin awo, da ɗan guntun yadin da ya tafi da shi don ya dace da kalar zare.

Matar tela ta daɗe tana juya guntun yadin. Can ta ce, "Direban ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"Ya ji ciwo?"

"Goshinsa ya fashe. An ɗinke."

Matar ta ce, "Uhm." Ta kwantar da kai a kafaɗar Gwaggo. Gwaggo ta bar ta.

Kafin la'asar bakwai sun zama tara. Ta wanke ɗakin sau uku, ta wanke robar, ta kife ta, ta sa hannu a littafin tashi, ta tafi gida. Ta tarar da maƙwabta cike da tsakar gida, Auta ta yi kuka har muryarta ta dashe. Gwaggo ta amsa jaje ɗaya bayan ɗaya. Da aka watse ta shiga ɗaki, ta ga kofin shayinsa a ƙasa inda ya bar shi, ƙuda sun faɗa ciki. Ta ɗauka ta wanke.

Kwana uku bayan haka aka bar ta ta gan shi a ofishin 'yan sanda. An ba su minti goma a wani ɗaki mai tebur ɗaya, fanka na juyawa ba ta ba da iska. Ta kai masa abinci da riga. Ya ce mai motar ya turo lauya.

"Lauyan ya ce in an tambaye ni, in ce lafiya lau na tashi da ita. In ce a kan gangarar ta tsinke, ban san komai ba. Ya ce in na faɗi haka, tsautsayi ne, ba mai riƙe ni."

Gwaggo tana kwance ƙullin kwanon abinci. Ƙullin ya yi tauri, ta sa haƙori.

"Ba ki ce komai ba," in ji shi.

"Me zan ce, Malam? Ni dai ka gaya mini da safe. Na kuma ce maka Allah ya tsare."

Ba ta faɗa don ta tura shi ko'ina ba, abin da ya faru ne kawai ta faɗa. Ita ma tun ranar take juya maganar. Shekara da shekaru tana ganin abin da titi ke yi wa mutane, ta fi kowa a unguwarsu sani, amma da aka gaya mata birki ba lafiya, makulli take nema. Ba ta jin zafin abin. Yana nan dai zaune a ƙirjinta kamar dutsen da aka ajiye aka manta.

A gaban alƙali aka tambaye shi ko ya san birkin na da matsala kafin ya tashi. Ya ce ya sani. Lauyan ya rufe fayil ɗinsa. Aka yanke masa shekara uku, aka soke lasisinsa har abada. Mai motar kuwa tara aka ci shi, kafin wata biyu ya sayi wata tirelar ya ba wani direban. 'Yan'uwan Malam suka ce ya yi wauta, wasu suka ce matarsa ce ta kai shi ta baro.

Ana nan, wata shida bayan hatsarin, tana shanya tsummokaran goge ƙasa a bayan ɗakin gaggawa, aka ce tana da baƙuwa. Matar tela ce, ta rame, da ƙullin leda a hannu. Ta ce ta daɗe tana son zuwa. Ta ce ranar nan duk asibitin ba wanda ya dube ta a matsayin mutum sai Gwaggo. Yanzu ita ke zama a kan keken mijin, tana koyo, wannan rigar aiki ce ta ɗinka mata, ɗinkin bai miƙe sosai ba, ta yi haƙuri.

Gwaggo ba ta karɓa ba. Ta ce, "'Yar nan, zauna tukuna." Suka zauna a kan dakalin famfo. "Direban motar nan mijina ne."

Matar ta dube ta. Wani ma'aikaci ya wuce da gadon turawa, ƙafar gadon ɗaya na ƙara, suka jira ya yi nisa.

"Kin sani lokacin da kike riƙe da ni?"

"Na sani."

"Ba ki faɗa ba."

"Ba ranar faɗa ba ce."

Matar ta ɗora ledar a cinyarta, ta sa hannu biyu ta danne. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Can ta ce, "Yana ina?"

"Yana gidan yari."

"Yana cin abinci?"

"Kaɗan."

"Nawa yaran ma kaɗan suke ci." Ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta tsaya jim kamar mai lissafin hanya, sannan ta ajiye ledar a kan dakalin. "Da awonki na yi ta, ba za ta yi wa kowa ba." Ta tafi. Ba su sake haɗuwa ba.

A mahaɗar kuwa hukuma ta zo ta yi tudun rage gudu guda uku, ta kafa allon gargaɗi a saman gangara, ta kori masu bas zuwa can gaba. Damina biyu suka cinye tudun. Allon wani ya cire ya yi ƙofar shago da shi. Masu bas suka dawo da kaɗan-kaɗan, don nan fasinja suke tsayawa.

Duk Asabar Gwaggo takan je gidan yari. Sukan yi maganar rufin ɗaki da ke yoyo, da manemin Auta, da ciwon gwiwarta. Ba sa maganar Talatar. Aka yi auren Auta ba ya nan, ƙaninsa ne ya tsaya.

Shekara biyu da wata huɗu ya yi aka sake shi. Ita kaɗai ta je tarbarsa, da safe, ta ɗauki hutun kwana ɗaya. Ya fito da 'yar jaka, gashinsa ya yi fari fat, haƙoransa biyu na gaba babu. Suka tsaya a bakin titi, bas ta zo ta tsaya, ta kama ƙofa za ta shiga. Ta waiwayo ta ga bai motsa ba.

"Malam?"

"Ki hau. Zan same ki a gida."

Ta saki ƙofar, ta ce wa direban ya tafi. Daga can zuwa gida tafiyar awa huɗu ce a ƙafa. Suka kama hanya ta gefen kwalta, shi a ɓangaren motoci, ita a ɓangaren kwata. Ba inda za a bi sai ta mahaɗar. Da suka iso, rana ta take, bas biyu na tsaye suna lodi, an gyara katangar an yi mata fenti. Bai tsaya ba, bai kuma kau da kai ba. Ita ce ta tsaya, don ƙishirwa ta dame ta. Wata mata ce daban da teburin lemo a wurin. Ta sayi huɗu, aka yanka mata, ta cim masa ta miƙa masa biyu. Suka ci gaba suna sha.

Da suka isa gida ta jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, shi kuma ya ɗauko tsani ya hau duba rufin.

Yanzu gadi yake yi a wata rumfar sayar da katako, yana tafiya da ƙafa ya dawo da ƙafa, awa guda kowace tafiya. Tsofaffin abokansa na tasha in sun gan shi sukan tsaya su ce ya shigo su rage masa hanya, ya ɗaga musu hannu ya ce ya kusa. Gwaggo saura mata shekara ɗaya ta yi ritaya. Auta na son ta bari tun yanzu ta zo ta riƙe mata jariri. Ta ce to, bari dai damina ta wuce, don lokacin ne titin ya fi santsi, ɗakin kuma ya fi cika.